Baƙin Ƙarƙashin Idon Lauratu

Hoto ne ya fara jawo maganar. Ɗan hoton fasfo, wanda bai kai tafin hannun jariri ba, amma sai da ya tashi daga Kaura Namoda ya kwana biyu a Shinkafi cikin aljihun Namadi, sannan ya sauka Zurmi a kan tabarmar yayarsa Iyatu.

"Yaya, duba min wanga hoto," in ji Namadi. "Mi kig gani?"

Iyatu ta miƙa hannu nesa da fuskarta, don idanunta sun fara gardama da abu na kusa. "Lauratu ta. Mi za ni gani?"

"Duba idanun."

Ta duba. Ƙarƙashin kowane ido akwai baƙi shimfiɗe, mai kauri, kamar an ja da ɗan yatsa. Ta matsa bakin ƙofa inda haske ya fi, ta sake dubawa.

Lauratu matar ƙanensu ce Abdulhadi, wanda ciwon hanta ya ɗauke kusan wata biyu da suka wuce. Malamar firamare ce a Kaura. An kira malamai tantancewa a Gusau, ga fayil ɗinta ya ɓace tun lokacin da aka kwaso takardun ma'aikata daga Sakkwato, dole ta fita da rana ta ɗauki sabon hoto. Da yake tana cikin takaba, sai ta ba Namadi takardun ya miƙa mata. Ita da hannunta ta ba shi.

"Kwalli na," in ji Namadi. "Mai takaba da kwalli, Yaya. Ko wata biyu ba a cika ba."

Namadi akawu ne a wata kotu a Shinkafi. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a farkon shekarar, ko ruwa zai roƙa sai ya haɗa da Larabci, shi da a makarantar allo ya fi kowa shan bulala. Ya gyara zama ya yi wa Iyatu bayani dalla-dalla. A da, in namiji ya mutu, dangi su zo su ɗauki ɗansu bayan arba'in, ba mai cewa uffan. Yanzu kuwa alƙali zai buɗe littafi ya ce renon yaro haƙƙin uwa ne, sai fa in an tabbatar ba ta da amana. To macen da ke ado cikin takaba, wa take yi wa? Nan ya bar maganar, ya ɗauki ƙoƙon fura.

Bai ambaci Nana ba, bai kuwa bukaci ya ambata ba. Nana ita kaɗai Abdulhadi ya bari, 'yar shekara biyar, mai wushirya irin tasa. Iyatu ta haihu sau huɗu a gidan mijinta Malam Bello, ba wanda ya kai yaye. Abdulhadi kuma ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, har bayanta ya yi kanta. A ganinta duk duniya ba wanda ya fi ta cancantar yarinyar nan, kuma ba ta taɓa jin kunyar wannan tunani ba. Ta so Nana so mai zafi, irin wanda ke hana mutum ganin gabansa.

Kwana uku bayan haka ta shiga motar mata a tashar Zurmi da ƙullin kaya da ƙwaryar daddawa. Ta ce wa maƙwabta za ta je taya mai takaba zama.

Gidan Abdulhadi yana bayan layin dogo, ɗaki biyu da rumfa da bishiyar darbejiya. Lauratu ta fito da tsohon zane da hijabi da ya koɗe, ta durƙusa har ƙasa. Iyatu ta amsa gaisuwa, amma idonta yana kan ido. Ashe hoton ma ya yi wa matar sutura. A fili baƙin ya fi haka, ya zagayo har gefen hanci, fuskar kuma ta faɗa. Wata da ta zo da zuciya ɗaya za ta ce baiwar Allah ta rame. Iyatu ba da zuciya ɗaya ta zo ba, don haka abin da ta gani shi ne kwallin jiya da ba a wanke da kyau ba.

Nana ta sheƙo da gudu ta faɗa jikinta tana "Gwaggo! Gwaggo!" Iyatu ta ɗaga ta, ta shinshina kanta, ta ce a ranta saura kaɗan.

Washegari, da Lauratu ta shiga wanka, Iyatu ta bi ɗakin da bincike. Ta ɗaga katifa, ta leƙa bayan madubin da aka juya fuskarsa bango, ta buɗe kwanonin jere ɗaya bayan ɗaya. A cikin wata babbar kwalla ta sami tandun kwalli, an naɗe shi a tsumma tare da kwalbar turare da 'yan kunne. Ƙura ta hau tsumman. Iyatu ta ɗaure shi da ƙulli irin nata, wanda take yi wa bakin buhun gero don ta gane in an taɓa, ta mayar.

Kullum da hantsi sai ta duba. Kwana shida ƙullin yana nan yadda ta bar shi, baƙin ido kuma yana nan, har ƙaruwa yake. Wani zai ce to shi ke nan, zance ya ƙare. Iyatu ta zauna ta yi nazari mai zurfi, ta gano cewa lalle akwai tandu na biyu.

Sai kuma ga sabon salo. Wata safiya ta fito ta iske Lauratu kwance a rumfa rigingine, da cokula biyu kife a kan idanunta.

"Ke kuma lahiya?"

Lauratu ta tashi zaune da sauri, cokulan suka zube. "Uwani tac ce in riƙa sa su ƙarƙashin randa su yi sanyi, in ɗora. Wai shina rage baƙin."

Uwani maƙwabciya ce, katanga ɗaya ta raba su. Ta yi shekara ashirin tana aikin unguwarzoma a asibiti kafin ta ajiye, kuma har yanzu ba ta iya ganin mutum ba ta rubuta masa magani da baki ba. Ita ta kawo shawarar cokali. Da cokali bai yi ba ta ce ganyen shayi, a dafa, a bari ya huce, a ƙulla a tsumma a ɗora. Da shayi bai yi ba ta aiko da dankalin turawa guda biyu, a yanka siriri-siriri. Ta ce a yawaita zogale da rama, jini ne ya yi ƙasa. Ta ce a rage gishiri. Ta ce a daina kuka, kamar kuka famfo ne da ake murɗawa.

Iyatu tana zaune tana kallon wannan duka, tana tsinke zogalen da hannunta.

"Lauratu," ta ce wata rana, "mai takaba mi yah haɗa ta da gyaran huska?"

"Ba gyara na ba, Yaya. Magana aka yi. Can bakin famfo an ce wai kwalli nika sawa." Muryarta ta yi rawa. "Ni da ko sabulu mai ƙanshi ban taɓa ba tun randa anka kai shi. So nike shi ragu mutane su bar ni."

"Hmm," in ji Iyatu.

Wannan "hmm" ɗin ya ƙunshi abubuwa da yawa. Na farko, ashe ba ita kaɗai ta gani ba, har bakin famfo an gani. Na biyu, wanda bai yi abu ba me zai sa shi rawar murya? Na uku, ta taɓa jin cewa matan birni suna jiƙa shayi su shafa don kwalli ya zauna daram. Ba ta tuna wanda ya gaya mata ba, mai yiwuwa ma a lokacin ta ƙirƙira, amma ya shiga kanta ya yi daidai. Abin tausayi, Lauratu ta shiga tsaka mai wuya ba ta sani ba. In ta bar baƙin, kwalli ne. In ta nemi rage shi, ado ne. Ko ta ina ta juya Iyatu tana tsaye da ma'auninta.

Ga matar kuma ba ta da bakin kare kanta. Mai shiru-shiru ce, 'yar Galadi, uwarta Bafulatana, ta gado kunya har ta yi mata yawa. Sai ta zauna tana yi wa Nana kitso, ta kai rabi ta tsaya, hannu cikin gashin yarinya, ido a kan Iyatu. In Iyatu ta ɗago, ta sunkuyar da kai. Wani lokaci kuma ta jefo tambaya ba gaira ba dalili.

"Yaya, rijiyag gidanku tana da marhi?"

"Mi ya kawo zancen rijiya?"

"Ba komi."

Bayan kwana biyu: "Yaya, makarantab boko ta unguwarku da nisa? Ana ƙetare titi?"

Nan Iyatu ta gane abin da ake ciki, ko dai ta ɗauka ta gane. Wato malama ta sansano abin da ya kawo ta, tana tattara laifukan gidan Malam Bello don ta zazzage wa alƙali, rijiya ba murfi, makaranta da nisa. 'Yan boko ke nan, suna murmushi suna rubuta ka. Daga ranar Iyatu ta daina amsa kowace tambaya kai tsaye. Ko an ce mata ina kwana sai ta auna.

Gaskiya akwai ranar da zuciyarta ta so ta yi laushi. Ta shigo daga maƙwabta da la'asar, ta iske Lauratu ta ɗauko hular Abdulhadi, tana goge ta da gefen hijabi, ba kuka take ba, goge ta kawai take yi. Iyatu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ji hawaye na neman zubo mata, don ita ta saya masa hular a kasuwar Shinkafi. Da ta ƙarasa ta zauna kusa da ita a ranar, da labarin nan bai kai inda ya kai ba. Amma sai wata murya a ranta ta ce, ai ta ji takunki ne. Ta haɗiye hawayenta ta wuce ɗaki.

Ranar Laraba da hantsi aka yi sallama a zaure, muryar namiji. Lauratu tana tuƙa tuwon rana, Iyatu ta ce ta zauna, ita za ta je.

Saurayi ne dogo da riga mai gajeren hannu, gashi a taje, yana riƙe da ambulan. Ya ce shi ne Mudi mai hoto na bakin tasha. Hedimasta ya ce Gusau suna son ƙarin kwafi huɗu, shi ne ya wanko ya kawo, tun da Malama ba ta fita.

"Kawo," in ji Iyatu.

Ya miƙa. Da ya tsaya nan da ya tsira, amma Mudi irin mutanen nan ne da ba su iya barin wuri shiru. "Hajiya, a gaishe ta. Uwani ta ce min ta hwara ɗora dankali a ido, a ce ta ci gaba, ni ma na gaya mata shina aiki. In ta hita takaba ta zo in sake ɗaukat ta, idon zai hito da kyau. Wancan hoton bai yi min daɗi ba wallahi."

"Bai yi maka daɗi ba."

"Ko kaɗan. Ai huskat ta ta hi haka."

Iyatu ta dube shi daga takalmi har gashi, a hankali, yadda ake duban akuyar da za a saya. Mudi ya ga kallon ya yi yawa, ya yi sallama ya fice. Shi a ransa sana'arsa yake karewa, kada a ce kyamararsa ce ta ɓata fuskar malama. Iyatu kuwa ta tsaya a zauren tana jin daɗi mai ɗaci. Ga kwalli, ga wanda ake yi wa. Har ya san fuskarta ta fi haka.

Alhamis ranar kasuwar Shinkafi ce. Ta sami direban da ta sani ta ba shi saƙon baka, a ce wa Namadi abin da ake nema ya samu, ya zo. Da yamma direban ya dawo da amsa a takarda, har da layi a ƙarƙashin wasu kalmomi. Da yake Iyatu ba ta karatun boko, sai da ta je har shagon mai kemis ya karanta mata. Namadi ya ce zai zo Asabar. Ya ce zato ba hujja ba ne a wurin alƙali, a nemo mata biyu masu mutunci su gani da idonsu.

Iyatu ta yi kwana biyu tana shiri kamar mai aurar da 'ya. Ta sayi farin ƙyalle sabo fil a wurin mai yadi, ta yanki ɗan murabba'i. Ta tanadi man gyaɗa a murfin kwalba, don kowace mace ta san ruwa yana iya barin kwalli, mai kuwa ba ya barinsa. Shaidu kuma ba ta wahala ba. Uwani tana nan, kuma gara ma ita, ta ga abin da take tayawa. Ta biyu ita ce Adda, dattijuwar Bafulatana mai kawo nono kowace safiya, wadda duk unguwa ta san ba ta ƙarya ko a kan cikar ludayi.

Asabar ta zo da zafi tun da sassafe. Nana ta tafi Islamiyya da 'yar jakarta. Wajen ƙarfe tara babur ɗin Namadi ya tsaya a ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna, ya ce ba zai shiga ba, sha'anin mata ne. Adda ta sauke ƙwaryarta a gindin darbejiya. An leƙa ta katanga an kira Uwani, ta shigo tana goge hannu, ta ɗauka wani ne ba lafiya.

"Lauratu, zo ki zamna nan," in ji Iyatu. Ta nuna turmi da aka kifa a tsakar gida, inda rana ta fi haske.

Lauratu ta dubi matan biyu, ta dubi farin ƙyallen, ta dubi man. Ta gane, kuma Iyatu ta ga lokacin da ta gane, don fuskarta ta yi wani irin sanyi. Ta zo ta zauna, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta ɗaga kai.

"Iyatu, mi a haka?" in ji Uwani.

"Ku dai ku duba. Abin da kunka gani shi za ku hwaɗi."

Ta tsoma ƙyallen a mai, ta kama haɓar Lauratu da hannun hagu, ta goga ƙarƙashin idon dama tun daga gefen hanci har ƙarshe. Ta ɗaga ƙyallen sama don kowa ya gani.

Mai ne kawai, rawaya-rawaya.

Ta juya wani gefen ta goga idon hagu. Ta ɗaga. Babu komai. Adda ta matso ta leƙa, ta girgiza kai, ta koma.

"Ya bushe na," in ji Iyatu. "Shayin nan ya kama shi."

Ta ƙara mai, ta naɗe ƙyallen a ɗan yatsa, ta danna. Wannan karon ba shafa take ba, dirza take, yadda ake dirzar gindin tukunya. Kan Lauratu yana kaɗawa gaba da baya, amma ba ta janye ba, ba ta ce wayyo ba. Ido ya kawo ruwa don dole, ruwan ya gangaro ya haɗu da mai. Iyatu tana jin numfashinta na fita da ƙarfi. Kwallin yana nan, dole yana nan, wata guda ba ta yi shi a banza ba. Ta tuna direba, ta tuna mai kemis da ya karanta takarda yana kallonta, ta tuna Namadi a zaure. Ta ƙara dannawa.

"Ke Iyatu! Bari!" Uwani ta cafke mata hannu. "Ba ki gani? Kin ɓare mata hwata!"

Iyatu ta dubi ƙyallen. Ya sami launi a ƙarshe, amma ja ne. Ƙarƙashin idon hagu fata ta saluɓe kamar faɗin farce, jini yana tsattsafowa. Baƙin kuwa yana nan kewaye da ciwon, ko gezau, don a cikin fatar yake.

"Subhanallahi," in ji Adda. Ta ɗebo ruwa a randa da moɗa ta miƙa. Uwani tana faɗa tana wanke wurin, ta ce shekara ashirin tana aikin asibiti ba ta taɓa ganin rashin imani irin wannan ba, ta ce rashin barci ne da ƙarancin jini, ko makaho ya shafa ya sani. Iyatu ba ta ji rabin abin da take cewa ba. Kunya ta rufe ta tun daga ƙafa, irin kunyar da ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannunsa.

Lauratu ta karɓi tsumma mai sanyi ta dafe idon. Da ɗaya idon ta dubi Iyatu. Da ta yi magana, muryar ba ta rawa ko kaɗan.

"Yaya, kin so ki san abin da yas sa min baƙin ga. Bari in gaya miki gaban mutanen da kika kira."

Ta gyara zama a kan turmin ta ci gaba.

"Ranar da za shi rasu, da azahar, Namadi ya hita neman magani. Daga ni sai shi. Yac ce min, Lauratu, Yaya ba ta da kowa. In kin hita takaba ki ba ta Nana riƙo, kamar yadda tag goye ni. Nic ce to."

Iyatu ta ja da baya. Ta dafa bishiya.

"Tun ran nan ban yi barcin kirki ba. Ita ɗai gare ni. Na aika an tambayo min malami a ɓoye, yac ce ba dole na ba, haƙƙina na, in na so in bayar, in ban so ba ba ni da zunubi. Ba wanda yaj ji maganag ga. Da na yi shiru shi ke nan. Amma na ce mishi to." Ta sauke tsumman ta duba jinin, ta mayar. "Da kinka zo nic ce Allah ya kawo ki in saba. Ina kallon yadda take bin ki. Satin da yaw wuce na gama shawara, har na hwara ɗinka mata kaya. Na ce ranar wankan takaba in sa hannunta cikin naki."

"Lauratu..." in ji Iyatu. Lauratu ta katse ta.

"Yanzu na sake shawara. Wadda za ta yi min haka ina babba, gaban mutane, a kan abin da ba ta gani ba, ban san abin da za ta yi ma ɗiyata ba ran da anka ce ta ɗauki wani abu. In na hita takaba Galadi za mu, wurin innata. Na nemi canjin makaranta ko ban samu ba za mu."

Daga zaure Namadi ya yi gyaran murya. "Yaya! Ƙaƙa? An samu?"

Adda ta ɗora gammo, ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce ita dai abin da ta gani farin ƙyalle ne da jini, kuma ko gaban wa aka kira ta haka za ta faɗa. Ta fita ta gaban Namadi ba ta ko gaishe shi ba.

Iyatu ta durƙusa a gaban turmin, ita da ta girmi Lauratu da shekara ashirin. Ba gafara ta fara nema ba, wannan sai daga baya ta tuna. Abin da ya fito mata shi ne abin da ya fi ci mata rai.

"Shi yac ce haka? Da bakinai? Yac ce Yaya ba ta da kowa?"

"Ba ni da shaida, Yaya. Daga ni sai shi."

Kuka ya ƙwace wa Iyatu, mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar. Ashe yaron ya tuna da ita. Yana kan gargara ya tuna da ita, ya bar mata abin da ya fi so, aka kuma yarda za a ba ta. Ita ce ta taso tun daga Zurmi ta zo ta ture da hannunta. Uwani ma da ke cike da fushi sai da ta kau da kai.

Lauratu ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da ƙullin kayan Iyatu da ƙwaryar daddawa, an wanke ta, ta ajiye su a bakin rumfa a hankali, cikin ladabi, kamar yadda take yin komai.

Iyatu ta share fuska da gefen mayafi. "Ki bari in jira ta ta taso makaranta. In gan ta dai."

Lauratu ta gyara tsumman a kan ido.

"Sai azahar suke tashi," ta ce. "Motam mata ta Zurmi ba ta kai azahar."